Moton injin niƙa ya ƙone: a sake naɗa shi, a sayi sabo, ko a nemo tokumbo?

Ana saura kwana tara babbar Sallah kawuna ya kira ni da sassafe. Injin niƙansa da ke wajen Ƙofar Ƙwaya a Katsina ya tsaya cak tun la'asar ɗin jiya, ga buhunan masara da gero an jibge masa, ga yara suna ta juyawa da kwanukansu. Tun daga bakin ƙofa ƙauri ya tarye ni. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙaurin banish, wato shafen da ke lulluɓe wayoyin cikin moton lantarki, bayan ya ƙone, ba ya sake manta shi. Kawu ya ce, "Ɗana, mutum uku sun ba ni shawara uku. Wannan ya ce in kai a naɗa, wancan ya ce in tafi Kano in ɗauko sabo a kwali, na ukun ya ce akwai tokumbo ɗan Jamus a hannunsa. Kai mi ka gani?"

Na ce, "Kawu, a kwance murfin mu ga abin da ya kashe shi tukuna, sannan a yi maganar kuɗi."

Ba ɓata lokaci ba ne. Koyil, wato naɗin wayar cikin moto, in ya ƙone yana faɗin abin da ya ci shi, in an san karatunsa. Idan naɗin ya yi baƙi bai ɗaya zagaye guda, to lodi ne ya yi masa yawa, ko wuta ta daɗe tana zuwa ƙasa-ƙasa yana jan amfiya, wato yawan wutar da yake sha, fiye da ƙima, ko fankar bayansa ta karye ya rasa iska. Idan wuri ɗaya ne ya fashe kamar an ɗiga masa walda, sauran kuma lafiya lau, waya ce ta goge ta taɓa 'yar uwarta ko ta taɓa ƙarfe, galibi saboda tsufan banish ko danshi. Idan kuwa moto mai layi uku ne, ka ga kashi ɗaya cikin uku ya ƙone ƙurmus biyu suna nan jajur, ko biyu sun ƙone ɗaya ya tsira, to layi ɗaya ne ya ɗauke, moton ya ci gaba da wahala a kan biyu. Hanya biyu ake haɗa bakunan koyil ukun, delta da sita: haɗin delta kan cinye kashi ɗaya, haɗin sita kan cinye biyu.

Na Kawu kashi ɗaya ne ya tafi. Da muka buɗe akwatin sitata, wato makunnin da ke tayar da moton, sai muka tarar fis ɗaya ya narke, obalod ɗin da ya kamata ya yanke wuta in lodi ya yi yawa kuwa an tsallake shi da guntuwar waya tun bara, wai yana yawan katse aiki. Na nuna masa wayar da yatsa. Da ya sayi sabon moto mafi tsada a duniya ya ɗaura a bayan wannan akwatin, da shi ma haka zai ƙone ranar da fis ya sake narkewa. Shi ya sa nake cewa zaɓin nan uku ba ya farawa sai an gane cutar.

Bari in daɗe a kan naɗi, domin a nan ne riba take, a nan ne kuma aka fi cutar mutane.

Moto ba waya kaɗai ba ne. Gidan koyil ɗin da kake gani kamar dunƙulen ƙarfe guda, faifaye ne sirara, kowane kaurinsa wajen rabin milimita, an jera su ɗaruruwa an matse, kuma kowane faifai yana da ɗan shafe a jikinsa da ke hana wuta ratsawa zuwa maƙwabcinsa. Muddin wannan shafen yana nan, moton zai karɓi sabuwar waya ya dawo kamar yadda yake. Idan ya lalace, ƙarfen da kansa ne zai riƙa yin zafi ko ba lodi, ya dafa sabon naɗin daga ciki. Abu biyu ke lalata shi. Na farko, boris, wato zoben da ke riƙe da sandar moto tana juyawa, ya mutu har amecar da ke juyawa a tsakiya ta riƙa gogar faifayen, ta narka bakinsu ta haɗe su. Leƙa ciki da tocila, in ka ga sheƙi kamar an goga da dutsen wasa wuƙa, ko ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, an samu matsala. Na biyu, hannun mai naɗi. Don ya ciro tsohuwar waya da sauri, wani zai ɗora gidan koyil a kan wutar itace ko ta tsohuwar taya har ƙarfen ya yi ja. Masu aikin bisa ƙa'ida a tanda suke gasa shi, suna kiyaye kada zafin ya haura wajen digiri 370. Wutar taya ba ta san wannan iyaka ba. Moton da aka yi wa haka sau biyu ya gama yawo, ko wa zai naɗa shi.

Akwai gwaji mai sauƙi da gogaggen mai naɗi ke yi bayan ya cire waya: ya zagaya kebul ta cikin ramin gidan sau da yawa, ya ba shi wuta na ɗan lokaci, sannan ya bi ƙarfen da tafin hannu. In wani wuri ya fi sauran zafi sosai, faifaye sun haɗe a nan. Ka roƙi a yi wannan a gabanka kafin ka biya kuɗin waya.

Sai ita wayar. Kafin a yanke tsohon naɗi dole a ƙirga zagaye nawa ke cikin kowane kwarmi na gidan koyil, a auna kaurin wayar, a rubuta tsallaken kwarmi nawa kowane koyil ya yi da yadda aka haɗa bakunan. Wanda ya fara yanka kafin ya ɗauki biro, ka ɗauke kayanka. Rage kaurin waya da lamba ɗaya tak yana ƙara zafi, rage zagaye kuma yana sa moto ya riƙa shan wuta da yawa ko bel ba a ɗaura ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce sikeli: a auna tsohuwar wayar da aka ciro, a auna sabuwar da za a zuba, nauyin ya zo kusa da juna. Tsohon jan ƙarfen ma dukiyarka ce, 'yan gwangwan suna sayensa da daraja, don haka a sa shi cikin lissafin ciniki tun farko.

Ga kuma wayar da aka yi wa rigar jan ƙarfe alhali cikinta alminiyom ne. A ido ba ka rabe su. Kankare ta da wuƙa, in fari ya bayyana ka gane. Ko ka kara mata wutar ashana: alminiyom yana narkewa a digiri 660, siririyar wayarsa nan take take lanƙwashewa ta zube, jan ƙarfe kuwa sai digiri 1,085, zai yi ja ya tsaya. Alminiyom yana ɗaukar wajen kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. In aka zuba shi a kwarmin da aka yi don jan ƙarfe, moto mai ƙarfin doki 10 ya koma mai raunin ƙarfi da zazzaɓi.

Takardar da ake shimfiɗawa a kwarmi da banish ɗin da ake tsoma naɗin su ma suna da aji. Ajin B yana jure digiri 130, ajin F digiri 155, ajin H digiri 180. Masana sun daɗe da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara yana raba rayuwar naɗin gida biyu. Ka tuna yawancin moto an ƙera shi ne a kan zafin gari bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Katsina watan Afrilu kan kai haka a inuwa, balle a cikin shagon kwano mai taga ɗaya. Don haka kada ka yarda da ƙasa da ajin F. Kuma banish tsoma shi ake yi a gasa a tanda na awoyi har ya sandare ya riƙe wayoyin gam. Wanda aka shafa da buroshi aka shanya a rana, samansa ne ya bushe, cikinsa danye, wayoyin za su riƙa motsi suna gogar juna har su huje.

In an kiyaye waɗannan, naɗi ba ya rage wa moto komai. A 2003 ƙungiyar masu gyaran moto ta Amurka, EASA, da takwararta ta Birtaniya, AEMT, sun gwada haka, suka tarar naɗin da aka yi bisa ƙa'ida bai rage ingancin moto ba. Maganar da ake yi cewa moton da aka naɗa ba ya komawa daidai, labarin mugun naɗi ne. Aibin naɗi na gaskiya shi ne lokaci. Aiki mai kyau a kan moton doki 10 yana cin kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya ce ka dawo gobe da safe, wani mataki zai tsallake, kuma galibi gashin banish ne.

Sabo fa? Sabo iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin sabo da tsoho. Akwai na kamfanonin da aka sani, irin su ABB da WEG ta Barazil, da ma wasu kamfanonin Sin masu mutunta sunansu. Waɗannan abin da aka rubuta a farantin jikinsu shi ne abin da ke ciki, sai dai kuɗinsu ba na kowa ba ne. Akwai kuma mai sheƙin fenti da araha, wanda farantinsa ke faɗin abin da mai saye yake son ji. Araha ba ta ado. Amma ba sai ka buɗe moto za ka kama shi ba, farantin kansa yana tona asiri. Doki ɗaya wat 746 ne, doki 10 ke nan kilowat 7.5. Moto mai layi uku na kilowat 7.5 mai gudun juyi 1,450 a minti yana jan amfiya wajen 15 a kan bolt 400. In ka ga an rubuta doki 10 amma amfiya 11, wannan na kilowat 5.5 ne, doki bakwai da rabi aka ɗaura wa babbar riga. Lambar jikinsa ta kamata ta zama 132M, kaurin shaf, wato sandar da ke juyawa, milimita 38. Sannan ka ɗaga shi. Mai gangar baƙin ƙarfe na wannan girman sai mutum biyu sun haɗa hannu, yana kaiwa kilo 60 zuwa 80. In yaron shago ya sungume shi shi kaɗai ba nishi, ko dai gangar alminiyom ce, wadda ba laifi ba ce in an faɗa maka, ko kuma an rage ƙarfe da waya a ciki.

Kuskuren da na fi gani wajen masu sayen sabo shi ne gudu. A wutarmu mai hez 50, moto ko dai yana juya wajen 2,900 a minti, ko 1,450, ko 960. Mutum ya je Sabon Gari a Kano ya tarar mai 2,900 ya fi araha a doki ɗaya, ya ɗauko, ya ɗaura a kan fulin bel da aka yi wa mai 1,450. Injin ya riƙa gudu ninki biyu, farantan niƙa suna cinyewa, gari yana fita da zafi, moton kuma yana nishi domin ƙarfin murɗawarsa rabin na wancan ne. Ka ɗauki hoton farantin jikin tsohon moton a waya kafin ka hau mota. Ka kuma duba a rubuce IP55, wato rufaffe ne da ƙura ba ta cutar da shi. Mai buɗaɗɗen ciki ba na ɗakin niƙa ba ne, garin masara da ƙurar hunturu za su cika shi cikin wata biyu.

Inda sabo nagari ya yi wa tsoho fintinkau shi ne shan wuta. A ma'aunin duniya, moton kilowat 7.5 mai gudun 1,450 na ajin IE1 yana mayar da kashi 86 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa aiki, IE2 kashi 88.7, IE3 kashi 90.4. A ido ƙanƙanin bambanci ne. Amma ɗauki injin da ke aiki da cikakken lodi awa 6 a rana, kwana 300 a shekara: tsakanin IE1 da IE3 akwai yunit wajen 760. A farashin naira 225 kan yunit da hukumar kula da lantarki, NERC, ta sanya wa 'yan rukunin A, masu samun wuta mafi yawan awoyi, a Afrilun 2024, kafin a ɗan rage shi, wannan ya kai naira 170,000 a shekara. Ga masu injin casar shinkafa ko gidan ruwan leda da ke aiki dare da rana, ko masu ƙona gas a janareta, wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya sa a sayi sabo. Ga mai niƙan unguwa da ke samun wuta awa uku zuwa huɗu, kuma ba kullum injin ke cike ba, zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ta nan ba.

Tokumbo kuwa caca ce mai daɗi in an ci. Tsofaffin na Turai, irin su Brook Crompton na Ingila, an zuba musu ƙarfe da jan ƙarfe ba ƙyashi, kuma da yawa an cire su ne daga masana'anta don an sauya injina, ba don sun mutu ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai kada ka saya da ido. Ka tafi da mai mega, na'urar da ke tura bolt 500 tsakanin naɗi da gangar moto ta auna ko wuta na zurarewa. Ƙasa da megohm 1 ba a ma kunna shi, lafiyayye kuwa yakan nuna ɗaruruwa. A auna koyil ukun ɗaya bayan ɗaya, su zo daidai da juna. A juya shaf da hannu a kasa kunne, a girgiza shi sama da ƙasa. A kunna shi ba bel, a maƙala mita a kowane layi: amfiyar ta tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke farantin ko sama kaɗan, layukan uku kuma kusan kai ɗaya. Buɗe akwatin haɗin waya ka shinshina. Sabon banish a cikin moton da aka ce daga jirgi aka sauke shi yana nufin a nan gida aka naɗa shi aka fesa masa fenti.

Farantin tokumbo yana da tarko biyu. Wanda aka rubuta 230/400 ba a haɗa shi delta a wutarmu mai layi uku, sita kawai, in ba haka ba minti kaɗan zai yi hayaƙi. Mai sitata irin ta sita-delta 400/690 yake buƙata. Na Amurka kuma hez 60 ne: mai bolt 460 zai yi aiki a nan, amma gudun 1,750 zai sauko wajen 1,450, ƙarfinsa ma ya ragu da kashi ɗaya cikin shida.

Ƙananan moto mai layi ɗaya, na injin markaɗe da famfon tura ruwa tanki, hukuncinsu daban ne, kuma gajere. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun ƙone ba su ƙone ba. In yana gurnani ba ya tashi, amma ka murza shi da hannu ya kama, kafasito, 'yar gwangwanin da ke taimaka masa ya tashi, ita ce ta mutu ko makunnin cikinsa ya maƙale, gyaran minti ashirin. In kuwa ya ƙone da gaske kuma bai wuce doki ɗaya ko biyu ba, kuɗin waya da na hannu kan kusa kamo kuɗin sabo, sai a saya kawai. Famfon cikin rijiyar burtsatse ma a tambaya tukuna: mai mai a ciki ana iya naɗa shi, wanda aka rufe naɗinsa ruf da ƙaro a cikin gwangwani ba ya naɗuwa.

Ni dai ga inda na tsaya. Moto daga doki 5 zuwa sama, mai asali, wanda ƙarfensa bai gogu ba kuma ba a taɓa babbaka shi a wuta ba, naɗa shi ya fi, muddin kana da mai naɗin da zai bari ka tsaya a kansa. In kuɗin naɗi da boris da aikin masu tona, wato masu fiƙe ƙarfe a inji, ya haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo nagari, ko amecar ta ci faifaye, ko wannan ne naɗi na uku, a haƙura da shi. A nan sai a duba awoyin aiki: mai aiki yini guda ya daure ya sayi sabo na ƙwarai, mai aikin 'yan awoyi ya nemi tokumbon da ya ci gwaji. Sabo mai araha da ba a san mahaifinsa ba shi nake sa wa a ƙarshe, sai dai in aiki ya matse ana neman abin da zai riƙe mutum mako biyu. Kuma ko wanne aka zaɓa, boris ya zama na gaske. Shi ya fi komai kashe moto, jabunsa kuma sun cika kasuwa cikin kwalin SKF da NSK. A duba lambar da ke jikin tsohon, 6308 ne ko 6208, a sayi irinsa a wurin wanda aka yarda da shi, a ɗumama shi a zura, kada a doke shi da guduma. Bel ma kada a ɗaure shi tamau, yana cin boris ɗin gaba.

Moton Kawu tsohon ɗan Ingila ne da ya gada tare da shagon, ba a taɓa naɗa shi ba. Muka haska ciki, ƙarfe sumul, ba gogewa. Muka kai shi wurin wani dattijo da na sani a cikin gari, wanda ya fara da ɗauko littafinsa mai baƙin maiƙo ya ƙirga zagayen waya sau biyu yana motsa leɓe. Kawu ya so a gama cikin kwana biyu saboda Sallah. Dattijon ya ce, "Alhaji, in gaggawa kake yi ga masu gaggawa can gaba. Nawa sai ya kwana a tanda." Kawu ya dube ni, na gyaɗa kai, ya zauna a benci.

Kwana huɗu aka yi. A tsakanin nan muka cire guntuwar wayar nan daga akwatin sitata, muka sa sabon obalod muka saita shi a kan amfiya 15 da ke farantin, muka ƙara 'yar na'urar da ke yanke wuta gaba ɗaya da zarar layi ɗaya ya ɗauke, wadda kuɗinta bai kai na boris biyu ba. Ranar da aka dawo da moton, allurar mega ta haye can ƙarshe. Muka ɗaura bel, aka zuba masara kwano biyar, na maƙala mita: 13.8, 14.1, 13.9. Bayan awa guda Kawu ya ɗora tafin hannunsa a gangar ya bar shi a nan, yana ƙirgawa a hankali har goma, sannan ya leƙa waje ya ce wa yaran da ke layi su shigo da kwanukansu.